Baba da Tuwon Gidan Suruki

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, surukina kuwa ya riga mu. Ran Alhamis da hantsi muka kai shi makwancinsa a Makarfi, ƙasa a jiƙe sharkaf, sai da aka kwalfe ruwa daga ramin da ƙwarya kafin a sa shi. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuwa zan fara yau don ya mutu ba. Shi ya haifi matata, Baba nake ce masa, haka zan ci gaba da ce masa a takardar nan.

Kwana uku muka yi a ƙofar gidansa muna karɓar gaisuwa, ni da Baffa, ƙanensa da suke ciki ɗaya. Waɗanda suka fara zuwa daga nesa su ne mutanensa na gindin bishiya, wato kutaren da yake raba wa magani a ƙauyuka. Ba su hau tabarma ba. Can gindin darbejiya suka tsaya, suka yi sallama daga nan. Wani tsoho da ya tako tun daga Furana ya ɗaga dungulmin hannuwansa ya yi addu'a mai tsawo, da ya shafa sai ya ce, "Jama'a, ku yi haƙuri, mu ma za mu yi. Tun da ciwon nan ya cinye mini yatsu, mutumin nan kaɗai ke miƙo mini hannu mu gaisa." Ya juya ya kama hanya, ko ruwa bai sha ba.

Sai mutanen gari. Su kam da an shafa Fatiha, an ɗan yi shiru na ladabi, sai hira ta ɓalle. Wani ya ce, "Allah Ya jiƙan Malam, mutumin kirki ne, ba ya faɗa da kowa. Sai dai fa ciki." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Wani ya ƙara da cewa yanzu tukwanen Likoro za su huta. Wani kuma ya dube ni ya ce, "Kai ma ka samu sauƙin dawa." Baffa ya sunkuyar da kai yana jan carbi da ƙarfi kamar zai tsinka shi. Ni kuwa na ji kamar in tashi in shaƙe mai maganar, don ni mutum ne mai zafin kai, kowa ya sani. Amma ban ce uffan ba, kuma shirun nan nawa shi ya hana ni sukuni har na ɗauki alƙalami.

Akwai kuma wasu 'yan kaɗan da suka zo ɗaya-ɗaya. Ba su yi dariya ba, ba su yi magana ba, sun zauna a bakin tabarma sun daɗe, suka tashi. Ba zan faɗi garinsu ko sana'arsu ba. Wani daga cikinsu mun haɗa ido, ya kau da kai, na kau da nawa.

Baba malamin asibiti ne, amma ba irin na zama a ɗaki ana kawo masa marasa lafiya ba. Tun zamanin Turawa yake bisa keke, aka samu mulkin kai yana bisa keken nan, bai sauka ba sai da ciwon ajali ya sauke shi. Mako guda yake yi yana zagaye: ya nufi ƙasar Ikara ya bi ta Furana, ya dawo ta wajenmu Gazara ran Talata, ya gangara ƙasar Kudan har Likoro, sannan ya koma gida ya yi Juma'a. A bayan keken akwai akwatin kwano ɗaure da igiya, da buzun salla, da buta tana reto. Ƙafar wandonsa kullum a ɗaure da zare don kada sarƙa ta kama. Kafin ka gan shi za ka ji ƙararrawa sau uku, in ya matso kuma ka ji warin aidin na wankin gyambo. Da damina, in rafi ya kawo, tuɓe riga yake yi ya ɗora akwatin a ka ya ƙetare, ya dawo ya ɗauki keken. In aka ce masa ya bari ruwa ya janye, sai ya ce, "Ciwo bai san damina ba."

A kowane ƙauye yana da bishiyarsa. Nan zai shimfiɗa buzu, ya wanke gyambo, ya ɗiga maganin ido, ya yi wa jarirai lamba, sannan kutare su jeru ya ba kowa 'yar farar ƙwayarsa ta mako. Ba ya ba mutum ya tafi da ita gida. Sai ka haɗiye a gabansa yana kallon wuyanka. Yakan ce, "Maganin da ban ga maƙogwaro ya motsa ba, ban ba da shi ba."

Wannan duk kowa ya yaba masa. Abin da ya ɓata masa suna shi ne abin da yake yi bayan ya naɗe buzu. Sai ya kama bin gidaje. Ya yi sallama a wannan zaure ya ce, "Me aka dafa ne yau?" A kawo fate ya ci. Ya matsa gaba a kawo dambu ya ci. Ya ratsa ruga a dama masa fura ya sha. Kuma ba ya ci shi kaɗai, sai mai gida ya zauna sun sa hannu tare, a kori yara, a saki labulen zaure. Mutum mai albashi, mai gemu, mai mata a gida! Har aka kai ana cewa in ka ji ƙararrawa sau uku, ka ce wa iyalinka su ƙara gari.

Ni ma na yi masa wannan dariyar kafin in auri 'yarsa, har bayan na aure ta, a ɓoye. Allah Ya yafe mini.

Sana'ata mazarƙwaila ce. Ina da injin matse rake wanda doki ke ja, da manyan kaskon dafawa, ina kai kaya kasuwanni. Shekara ta uku da aurenmu, wata rana na dawo daga wajen aiki na tuɓe riga, sai matata ta ce, "Me ya ƙona ka haka a baya?" Na ce babu abin da ya ƙona ni. Ta ce ga bororo nan ya tashi, kuma a tsakiyar wani tabo ne mai haske kamar faɗin tafin hannu. Ashe tafasasshen ruwan rake ne ya fantsamo mini, ban ji ba. Na ce mata ƙyasfi ne, ta rabu da ni. Ba ta yi musu ba. 'Yar malamin asibiti ce, ta san abin da ta gani.

Talatar da ta biyo, ina zaune a zaure na ji ƙararrawa a ƙofar gidana. Tun da aka yi auren, Baba bai taɓa taka gidan ba, kamar yadda ya kamata. Na tashi a rikice, na tuɓe takalmi, na durƙusa.

"Sannunku da zuwa, Baba. Kun zo lafiya? Yaya hanya? Yaya su Inna?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Yaya aiki? Yaya iyali?"

"Da godiya, Baba."

"Madalla. Saki labulen nan, ka cire rigarka."

Na zaci ban ji daidai ba. In tuɓe riga a gaban surukina? Ya maimaita, murya ba faɗa ba wasa. Na cire, na juya masa baya, gumi na karyo mini. Ya ciro 'yar auduga ya ce in rufe ido, duk inda na ji ya taɓa in ce na ji. Ya taɓa kafaɗa, na ce na ji. Ya taɓa wuya, na ce na ji. Sai na ji shiru. Da shirun ya yi yawa na ce, "Ku taɓa mana, Baba."

Ya ce, "Sau uku ke nan ina taɓawa."

Ya ce in mai da rigata, ya zauna a gabana. "Ba zan sake mata suna ba, kuturta ce. Amma farkonta ne. In ka sha magani ba fashi, ba za ta taɓa maka ko farce ba, ba kuma za ka shafa wa kowa ba. Sai dai abin na shekaru ne, ba na watanni ba."

Ban san sa'ad da hawaye suka zubo mini ba. Abin da na hango shi ne gindin tsamiyar bakin kasuwarmu, ni a cikin layin kutare, masu sayen mazarƙwailata suna wucewa suna kallo. Wa zai sa abin da kuturu ya dafa a bakinsa? Na ce, "Baba, ku ɗauki 'yarku ku tafi da ita. Ni kuwa gara in mutu da in tsaya a gindin tsamiya."

Ya ce, "'Yata da rana tsaka na ba ka ita gaban shaidu, ba aro na ba ka ba. Gindin tsamiya kuma wa ya ce ka je?" Sai ya ɗaga murya ya kira 'yarsa ya ce, "A kawo mana abinci."

Ta kawo tuwo, ta ajiye ta fita da gudu. Ya wanke hannu, ya yi bismilla, ya tura mini akushin ya ce in sa hannu. Wanda bai san al'adarmu ba ba zai gane nauyin abin ba. Suruki ko hanya kuka haɗa ratsewa kake yi, balle ku haɗa akushi. Ga shi kuma yanzun nan ya gama gaya mini ciwon da ke jikina, ya zura hannunsa inda zan zura nawa. Ya ciro ƙwayar daga aljihu ya ɗora a kan lomata. Na haɗiye yana kallon wuyana. A lokacin nan ne na gane abin da yake yi a zaurukan mutane duk shekarun nan, kunya ta rufe ni fiye da ta tuɓe riga.

Daga baya na tambaye shi ko duk gidajen da yake shiga masu ciwon ne. Ya yi murmushi ya ce, "Da haka ne ai da tuni an gane. Gida goma nake shiga saboda gida ɗaya." Saboda haka kada wani ya karanta wannan ya zauna yana ƙirga inda Baba ya ci abinci. Ya ci a gidan mai unguwa, ya ci a gidan liman, wataƙila ya ci a gidanku. Ba za ku gane kowa ba, haka ya shirya abinsa. Kuma mutumin nan gyambon ciki gare shi. Na sha ganinsa ya fita daga zaurena ya dafa sirdin keke ya tsaya, ya runtse ido, sai ciwon ya lafa ya hau.

Tun daga ranar, duk Talata tuwon rana ake yi a gidana. Da azumi kuma sai ya daidaita tafiyarsa ya iso daidai shan ruwa. Gari ya ɗauka. Cin abinci a gidajen mutane wani abu ne, amma a gidan mijin 'yarka? Ranar sunan ɗana na biyu, Baffa ya ja shi gefe, ina jin su ta bayan zana.

"Yaya, ka zubar mana da mutunci. In yunwa ce, ga rumbuna, ka ɗiba. Gidan suruki fa! Ba ka jin abin da ake faɗa?"

"Ina ji."

"To me ya sa?"

"Yarinyar ta iya miyar kuka ne."

Baffa ya yi wata biyu ba ya yi masa magana. Da na ce wa Baba, "Baba, ku gaya masa mana, ɗan'uwanku ne," sai ya ce, "Asirin ba nawa ba ne balle in yi kyauta da shi. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba." Ya kuma sa 'yarsa ta yi masa alkawari ko uwarta ba za ta gaya wa ba.

Mun yi faɗa da shi sau ɗaya, kuma ni ne mara gaskiya. A shekara ta biyu da fara shan maganin tabon ya dushe, na ga kamar na warke, gorin abokan sana'a kuma ya ishe ni. Wata Talata na ce wa matata in ya zo ta ce na yi tafiya, na gudu wajen inji. Ya zauna a zaure har azahar. Sai ga ƙararrawa a bakin gonar rake. Ya jingine keke, ya gaisa da ma'aikata, ya ce da ƙarfi, "Na zo cin tuwona ban tarar da mai gida ba." Suka kwashe da dariya har mai korar doki ya saki linzami. Na ja shi bayan tarin ɓawon rake, raina a ɓace, na manta da wanda nake magana.

"Baba, kun mai da ni abin dariya a garin nan! Na warke, ku ƙyale ni haka nan!"

Ya dube ni ya daɗe. Sai ya kama hannuna na dama, ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba kaya a kasuwa. Ya ce, "Da ni ake dariyar, ba da kai ba. Kuma dariya ba ta cin yatsu." Ya sa mini ƙwayar a tafi, ya miƙo butarsa. Ban ƙara gudu ba.

Abin da ya kashe shi ruwan sama ne. Ya doke shi tun daga Likoro, ya iso gida yana rawar ɗari, ciwon ya sauka a haƙarƙari. Da aka aiko na hau keke na tafi. Na same shi kwance, numfashi sama-sama. Inna, matarsa, ta ba mu wuri ta fita. Ya buɗe ido ya ce, "Yau wace rana?" Na ce Talata. Ya nuna akwatin kwano da haɓa. Na buɗe, na ciro, na haɗiye, idonsa a wuyana. Ya ce, "Yau ba tuwo, ka yi haƙuri." Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Da asubar Alhamis ya cika.

Bayan addu'ar bakwai, malamin da aka turo a madadinsa ya same ni a wajen inji. Mutum ne mai hankali. Ya ce ya ga sunana a littafin marigayi, saura kusan shekara a sallame ni. Ya ce shi ba zai iya bin gidaje ba, amma in ina so in riƙa samunsa a wani ƙauye mai nisa inda ba a san ni ba. Na yi murna, na yi godiya. Mako biyu ina sulalewa can, ina dawowa ba wanda ya sani. Lafiyata ta tsira, kasuwata ta tsira, na ce shi ke nan.

Sai abu biyu suka faru a mako guda. A kasuwa na ji wata mai ƙosai tana korar wani da ya cika ɗanɗane, ta kira shi da sunan Baba. Sunan ya zama abin zagin makwaɗaita ke nan, kabarinsa ko bushewa bai yi ba. Na biyun, matata ta dawo daga wajen Inna da ke takaba, idanunta a kumbure. Ta ce Inna ta riƙe ta tana kuka tana cewa, "Shekara da shekaru ina tuƙa tuwo yana kwana a akushi. Ya ci na kowa a ƙasar nan, nawa ne ba ya iya ci. Me na yi masa? Ga shi ya tafi ban tambaye shi ba." Matata ta ce, "Na yi wa Baba alkawari, ba zan karya ba. Amma ya ce asirin naka ne."

Kwana huɗu ina juya abin. Ba zan yi ƙarya in ce jarumtaka ta zo mini ba, tsoro ne ya cika ni fal. Amma na duba yatsuna goma, na san wanda ya biya su, kuma da abin da ya biya.

Ran Talata, kasuwa na ci, na sa rigata ta Juma'a na tafi gindin tsamiyar Gazara. Na bi bayan wata tsohuwa mai sanda na tsaya. Sabon malamin ya ɗago ya gan ni. Wani dillalin da muke hulɗa ya hango ni ya ce, "Kai kuma me kake yi a nan? Ka ɓata hanya ne?" Na ce, "Magani na zo sha. Shekara huɗu ke nan ina shan sa, a zaurena, cikin tuwon da kuke cewa surukina na zuwa ci." Na faɗa da ƙarfi don na nesa su ji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na karɓa, na haɗiye a gaban kowa.

Abin da na ji tsoro ya faru. Rabin masu sayen kayana sun janye, biyu daga ma'aikatana sun bar aiki, akwai masallacin da in na shiga sahu sai na ga gefena ya yi fili. Waɗancan da suka zauna a bakin tabarma ranar makoki, ban ga ko ɗaya a gindin tsamiya ba, ban kuma ga laifinsu ba. Ina dai roƙon Allah Ya sa suna zuwa wani wurin. Baffa ya zo gidana ya zauna a zaure, daidai inda Baba ke zama, ya kasa cewa komai sai "Wata biyu na yi ba na gaishe shi." Ya yi ta maimaitawa.

Ranar addu'ar arba'in muka je Makarfi. Da jama'a suka watse, aka ce Inna na kirana. Tun da na auri 'yarta ba mu taɓa yin magana ba sai gaisuwa daga nesa. Na tuɓe takalmi na durƙusa a bakin ƙofarta, labule a sake tsakaninmu. Muka gaisa, na yi mata ya ƙarin haƙuri. Sai na ga akushi ya fito ta ƙarƙashin labulen, tuwon dawa ne da miyar kuka, yana tururi.

Ta ce, "Gaskiya ne abin da na ji?"

Na ce, "Gaskiya ne, Inna."

Can ta ce, "Ashe ba tuwona ya ƙi ba. Wuri ne babu."

Na ce, "Wuri ne babu, Inna."

Ta ce, "To ka ci. Nasa ne, na saba zubawa."

Na wanke hannu, na yi bismilla, na ci a ƙofar ɗakin surukata, ina ci hawaye na ɗiga a miya, ban rage ko loma ba. Allah Ka yi wa Baba rahama, Ka yalwata masa kabari, Ka rufa masa asiri ranar tonon asiri kamar yadda ya rufa namu. Amin.